Kuɗin na cikin shagonka, Alhaji

Na san abin da za ku ce tun kafin ku buɗe baki: ɗan boko ya zo koya wa 'yan kasuwa kasuwa. Ga Alhajin Ƙanƙara can har ya turo hula gaba, wai idan ba a ƙara jari ba, ba a ɗauki sabon yaro ba, ta ina ciniki zai ƙaru, daga sama? Ranka ya daɗe, yaron da kake da shi ma rabin yininsa a kan benci yake yana latsa waya. In ka ƙaro wani, abokin hira ka samo masa.

Jawo littafin nan na ƙarƙashin kanta, wanda bangonsa ya sha manja. Maƙwabci, tiya uku ta shinkafa. Ɗan ƙanenka, sukari da sabulu tun azumi. Malamin firamare, "sai an yi albashi", kuma an yi albashin har sau biyu. Jarin da kake kukan babu yana nan, a tukwanen unguwa yake dahuwa. Za ka ce bashi hanji ne, kuma ba a kunyata ɗan gari. Wa ya ce ka hana? Ka sa rana kawai. Manomi sai kaka, ma'aikaci ranar da alat ya shiga, ba bayan mako ba, lokacin da mai nama da mai babur sun riga ka. Ga aikin yaron bencin nan ya samu. Kuɗin da ya dawo ya sayo katan ɗin taliya, taliyar ta fita, a sake sarowa. Naira ɗaya da ta juya sau huɗu a wata ta fi biyu da ke kwance a littafi.

"Malam, nan fa ba Kano ba ce. Ka san halin da muke ciki?" Na sani, kuma a nan zan ajiye wasa kaɗan. A Satumbar 2021 gwamnatin Masari a jihar Katsina ta rufe kasuwannin dabbobi na mako-mako, aka hana sayar da fetur a jarka, aka kuma katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Wanda ya riƙe shago a wannan lokaci ba ya bukatar lacca daga kowa. Amma dai ku ne a farkon 2023, da canjin kuɗi ya zo, kuka rantse ba za ku karɓi taransifa ba, kuna kallo masu saye suka tsallaka titi zuwa wajen yaro mai OPay. Yau ga na'urar POS a gefen sikelinku, har kuna yi wa na ƙauye dariya.

To tunda wayar ta shigo, a sa ta aiki. Mai shayin Sheme, direbobin da ke ɗaukar shanu duk ranar kasuwa lambar mutum nawa ka riƙe? Ko ɗaya? Su fa za su karya kumallo ko a wurinka ko a wurin na kusa da kai. Hajiya mai awara kuma, kada ki rufe fuska da mayafi kina dariya: dusar waken suyan da kike bai wa maƙwabta kyauta, masu kiwon ragunan layya da kuɗi suke nemanta.

Mai injin niƙa na Sabuwa ya fi kowa gardama. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 yake ƙorafi, amma yarinya na zuwa da kwano ɗaya zai tashi inji, ya kashe, wata ta zo ya sake tayarwa. Baba, ka sanar da matan unguwa: niƙa da hantsi, niƙa bayan la'asar. Za su yi gunaguni kwana biyu, daga nan su saba, man da kake ƙonawa a kan kwano biyar ya niƙa ashirin.

Sai mai wayon cikinku, wanda ya ce shi duk wannan ƙananan lissafi ne, masara zai saya a Dandume da kaka ya kulle sai ta yi tsada. Allah ya ba da sa'a. Ka dai fara tambayar waɗanda suka cika sito a kakar 2024, yadda farashi ya sauko ya same su a 2025. In sun amsa maka da fara'a, zo ka ba ni labari.

Alhaji, na ga ka buɗe littafin kana motsa baki. Shafi na uku, layi na biyu daga ƙasa, kada ka tsallake. Eh, surukinka ne. A tura masa yaron.