Jita Guda, Masana Cike da Coci

Coci-cocin da ke Jega da Aliero da Maiyama ba irin na Jos ko Kaduna ba ne. Yawancinsu ɗaki ne guda mai rufin kwano, da bencina, da fanka mai jiran wuta. Masu zuwa kuwa daga ko'ina suke: 'yan kasuwa Ibo da Yarbawa da suka daɗe a Jega har Hausarsu ta koma Sakkwatanci, 'yan sanda da malaman asibiti da aiki ya kawo, mutanen ƙasar Zuru, ɗaliban jami'ar Aliero, da masu bautar ƙasa da aka rarrabo daga sansanin Dakingari. Ganga da kuge da caki sun daɗe suna riƙe da sujada, ba wanda ya koka. Sai wata rana matasa su je taro Birnin Kebbi, su ga wani yaro ya rataya jitar lantarki yana murza tsirkiya jama'a na tsalle, su dawo da magana guda: mu ma. Fasto, da yake mai son zaman lafiya ne, sai ya kafa kwamiti. Daga nan ake gane cewa kowa a cocin masanin jita ne, tambayarsa ce kawai ba a taɓa yi ba.

Mai riga kowa zuwa taro shi ne Ma'aji, da littafinsa a hammata. A wurinsa jita katako ce da waya shida, kuma ya san kuɗin katako, ya san kuɗin waya. Farashin da ke kansa na zamanin da dala ba ta kai naira 500 a banki ba ne. Ba ya son a tuna masa cewa bayan an saki naira a watan Yunin 2023 ta yi ta gangara, har dala ta haura 1,500 a farkon 2024, kuma ba a Jega ake ƙera jita ba balle a ce abin bai shafe ta ba. Da ƙyar da siɗin goshi ake shawo kansa. Yana cikin rufe littafi sai wani ya ce saura amfilifaya.

"Wace ce kuma amfilifaya?"

Sai a yi masa bayani. Jitar lantarki ba ta da ƙoƙo irin na molo ko garaya da zai ɗaga sauti. Ƙarƙashin tsirkiyoyin akwai maganaɗisu da aka nannaɗe da siririyar wayar tagulla. In tsirkiyar ƙarfe ta girgiza a kansa sai ta haifar da 'yar wuta kaɗan, ita ce akwatin nan, wato amfilifaya, yake ƙarfafawa ya miƙa wa sifika kafin kunne ya ji. In babu shi, ko na benci na biyu ba zai san ana kiɗa ba. Ma'aji ya cire tabarau, ya dubi Fasto.

"Baba Fasto, ashe aure za mu yi. An gama biyan sadaki, yanzu kuma ga kayan ɗaki."

Duk da rowarsa ina ganin girman Ma'aji, domin a duk kwamitin shi kaɗai ke tambayar wa zai riƙa sayen man janareta ranar gwaji, bayan fetur ya zama abin da ya zama tun cire tallafi a watan Mayun 2023. Ba a taɓa ba shi amsa ba.

Wanda ke ci masa tuwo a ƙwarya shi ne Ɗalibi. Daga Aliero yake zuwa, yana karatun injiniya, kuma duk datar da ya saya a kan YouTube take ƙarewa. Ya san Fender ta fito da Stratocaster a 1954, Gibson kuma ta fito da Les Paul a 1952, yana faɗin haka yana kallon rufi kamar a gabansa aka yi. Amfilifaya in ba mai kwalabe irin na tsohuwar rediyo ba ce, a cewarsa, ba sauti take yi ba. Bai taɓa canza tsirkiya ba. Bai kuma tsaya ya yi tunanin inda za a samo kwalbar in ta mutu ba, ko yadda za ta ƙare a ɗakin kwano a watan Afrilu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40. In an matsa masa, akwai abu mai amfani a cikin kansa: manyan kamfanonin nan suna da ƙananan sunaye na masu ƙaramin ƙarfi, Squier ta Fender ce, Epiphone ta Gibson ce, ga kuma Pacifica ta Yamaha wadda masu koyo a duniya suka daɗe suna yabo. Amma faɗin wannan zai rage masa daraja, don haka sai an kusa tashi yake ambatarsu, a ciki-ciki. Shi ne kuma mafi saurin faɗawa hannun masu jabu. Ya ga an rubuta Fender a kan jita, an faɗi kuɗin da ko na Squier bai kai ba, ya ce Allah ne ya kawo mana.

Akwai Mai Wat. Tambayarsa ɗaya ce tak: wat nawa ce? Ya saba ganin sifikokin kasuwa da aka liƙa wa takarda mai ƙyalli da lambobi dubu-dubu, don haka in an ce masa wat 30 sai ya yi dariya har da riƙe ciki. Ba ya yarda cewa kafin kunne ya ji ƙara ta ninka sau biyu sai an ninka ƙarfin wat kusan sau 10, kuma amfilifaya mai taransista ta wat 20 zuwa 40, da sifika mai inci 10 ko 12, ta ishi ɗakin da suke ciki har ta yi saura. Kwano da siminti ba sa shan sauti, mayar da shi suke yi. Burinsa a ji su daga tashar mota. Ya manta cewa katanga ɗaya ce tsakaninsu da maƙwabta, waɗanda ake gaisawa da su kullum, ake aika musu shinkafar Kirsimeti su aiko da naman layya, kuma in sujada ta ja har azahar akwai masu salla a bayan gida. Fasto ne ke tuna masa, shi ma a hankali, don Mai Wat yana ba da baiko mai kauri.

Amma duk ɓarnar waɗannan a baki take tsayawa. Mai ɓarnar gaske shi ne Mai Mutum a Legas. Ana tsaka da gardama zai ɗaga hannu ya ce, "Ku bar min wannan, ina da mutum a kasuwar Alaba." Ba wanda ya taɓa ganin mutumin. Hotuna dai suna zuwa ta WhatsApp, an ɗauke su da dare, daga nesa. A tura kuɗi, a yi ta jira, har ranar da direba zai kira a zo a karɓi saƙo a mahaɗar Jega. Jitar ta yi tafiyarta a but, ƙarƙashin kayan wasu, cikin kwali ba jaka. Amfilifayar kuwa 'yar kwatano ce, mai nauyi, mai tsohon suna, kowa ya taɓa ya ce kai, wannan ƙarfe ne. Filoginta mai baki biyu ne masu faɗi, bai shiga soket ba, sai a aiki yaro ya sayo adafta. Ranar Asabar da yamma a taru, a yi addu'a, a kunna. Fitila ta kawo ja, kowa ya yi tafi. Sai a ji fat, sai wari, sai wani siririn hayaƙi ya biyo ta baya.

Ranar Litinin a ɗora ta a babur sai shagon mai gyaran rediyo, da Ɗalibi a matsayin mai bayani. Mai gyaran ya juya ta, ya goge ƙura da babban yatsa, ya nuna wani ƙaramin rubutu kusa da inda waya ta shiga.

"Mi anka rubuta nan? Ba ku da mai karatu cikinku? Wagga ta Amurka ta, wutassu ɗari da ashirin ta. Ku ko kunka ba ta tamu gaba ɗai."

Tamu bolt 230 ce. Da an sayo ƙaramar taransifoma mai rage wuta, da ba a kai nan ba. In da sauran kwana fis ne kawai ya ƙone. In babu, taransifomar ciki ta tafi, kuma naɗa wata ya kusa kuɗin sabuwar ƙaramar amfilifaya. Ɗalibi ya ce dama ya so ya duba. Mai Mutum a Legas ya ce zai kira mutumin nasa. Lambar ba ta shiga.

Duk wannan Baba Dattijo yana gefe yana kaɗa kai, don tun ranar farko ya ce ba ya ciki. "Mu da Littafin Waƙoƙi kawai muka yi sujada, Allah kuma ya ji mu." Jita a wurinsa kayan otal ce. A ce masa Zabura cike take da garaya da molo, ya ce waɗancan ba a jona su da wuta. A ce Panam Percy Paul ya shekara da shekaru yana yabon Allah da jita a wuya, ya ce Panam daban ne. Ranar da kiɗa ya yi daɗi, ka dubi ƙarƙashin bencin gaba, ƙafarsa ta dama ba ta bin ra'ayinsa.

Mama shugabar Zumuntar Mata ba ta gardama. Kaso mafi tsoka na kuɗin daga asusun mata ya fito, kuma tambaya ɗaya ta yi: "'Ya'yana, in an ɗauke wuta fa?" Aka ce akwai janareta. Ta ce to. Kowace Lahadi tana zuwa da tulunta na kiɗa, ta ajiye kusa da ƙafa, ba ta cewa komai.

Mai Haɗe-haɗe ba ya cikin kwamiti, bayan an yi sayayya yake bayyana. Ya ga akwati mai ƙara, don haka makirfo, fiyano, jitar bas, har wayar salularsa, duk ta nan za su bi. Sifikar jita ba a yi ta don ɗaukar nauyin bas ba. Wata biyu sai ta fara ƙara kamar ana yaga takarda, ya ce ai dama kayan yanzu ba su da ƙwari.

Wanda ya san abin da gaske yawanci ba ya magana sai an tambaye shi, kuma ba a cika tambayarsa ba don baƙo ne. Ɗan bautar ƙasa ne da aka tura koyarwa wata sakandare a Maiyama, ya taso yana kaɗa jita a cocinsu na gida. In Allah ya sa aka tura shi Sakkwato ko Sabon Garin Kano da kuɗin a hannu, kallonsa a shago abin sha'awa ne. Sunan da ke kai ba shi yake fara dubawa ba. Yana ɗaga jitar ya sa ido daga gindi ya bi wuyan da kallo, ya ga ko ya karkace. Ya tambaya ko sandar ƙarfen da ke cikin wuyan tana juyawa, don da ita ake miƙe shi in ya lanƙwashe. Ya shafa gefen wuyan da tafin hannu: katakon da aka sarrafa a ƙasa mai laima in ya sha hunturun Kebbi tsukewa yake yi, sai bakin ƙarafan su fito suna yankar yatsa. Ya kaɗa kowace tsirkiya a sake, ya sake kaɗa ta a danne a ƙarfe na 12. In muryoyin biyu ba su dace ba, kiɗa zai riƙa yin tsami duk yadda aka saita. Ya duba tazarar tsirkiya da wuya, don in ta yi nisa yaran da za su koya yatsunsu za su yi ciwo su gudu. Sannan ya jona, ya ƙure murya, ya saki hannu ya saurara. Maganaɗisu mai naɗi ɗaya yana kwaso gurnanin wuta, balle a kan janareta da wayarin da ba a haɗa da ƙasa ba. Mai naɗi biyu yana kashe yawancin gurnanin. Ya murɗa kowane maɓalli, ya girgiza bakin waya ya ji ko tana tsartsatsi. Mai shago ya gaji ya ce, "Oga, saye za ka yi ko gyara?"

Abin da ke ba kwamiti haushi shi ne ba ya kashe kuɗin duka a kan jita. Yana dawowa da wadda ba ta da sheƙi sosai, da ƙaramar amfilifaya, da sitabilaiza, da waya biyu masu kyau, da jaka mai soso, da fakitin tsirkiya na ajiya. Mai Wat ya ce an cuce su. Ɗalibi ya ce launin bai yi ba. Ranar Lahadi kuwa a karon farko ana jin jita ana kuma jin kalmomin waƙa. Matsalarsa guda, shekara ɗaya ce bautar ƙasa. A yi masa liyafar sallama, a ba shi atamfa ya kai wa mahaifiyarsa, ya hau mota.

Magajinsa yaro ne mai himma da ya koyi kod uku kafin malamin ya tafi, kuma da su yake raka kowace waƙa, ta murna da ta jana'iza. In mawaƙa suka ɗauko waƙa a wata murya dabam, ba ya bin su, yana nan inda yake har su gaji su sauko. Tsirkiyar ajiya ta ƙare, siririyar ƙasan nan da ta fi kowacce tsinkewa ta sake tsinkewa, sayo wata kuma sai an yi saƙo. Sai ya zare sili ɗaya daga wayar birkin keke ya ɗaura. Da aka yi masa faɗa, Ɗalibi ya tashi ya kare shi da tarihi: ai Mdou Moctar, mawaƙin Abzinawan Nijar da ke zagaya Turai da Amurka yanzu, da wayar keke ya haɗa jitarsa ta farko. Ma'aji ya sa aka maimaita masa sunan, ya rubuta a littafi. Tun daga ranar duk wanda ya zo neman kuɗin tsirkiya, wurin mai gyaran keke yake tura shi.