Masu Kokawa da Rana a Ƙasar Makoda

A ƙasar Makoda ba a barin gona ta huta. Ka tashi daga Koguna ka nufi Maitsidau, ka zagayo ta Satame da Wailare, da wuya idonka ya faɗa kan saura. Inda gonar wani ta ƙare nan ta wani ta fara, kuma fili ɗaya ake komawa kowace damina a zuba masa gero da dawa da wake da gyaɗa. Tun shekarun 1960 masana irin su Michael Mortimore suke rubutu a kan wannan hali na manoman ƙasar Kano, yadda suke ciyar da gona da kashin awaki da toka da sharar gida, ita kuma ta yi ta ba su abinci ba hutu. Masu gonar ma haka suke, sai dai su babu mai kai musu taki. Mutum guda shi ne manomi, shi ne uban yara cike da tsakar gida, shi ne mai jinyar tsoho, wataƙila kuma ga ɗan aikin albashi. Da rani ma ba a tsira ba, don mai ɗan fili kusa da madatsar ruwan Tomas yana can yana ban-ruwan albasa da tumatir. Rana kuwa ba a ƙara mata ko minti ɗaya ba. Dole kowa ya nemo dabararsa, kuma a dabarar ake gane halin mutum.

Babbarsu duka ita ce Sarauniyar Aike. Ba ta taka ƙofar gida, amma babu lungun da hannunta bai kai ba. Tana zaune kan kujerar tsugunno gaban kasko, dama na juya ƙosai, baki na tafiyar da mulki. "Ke, kai wa Goggo kokonta, ki tsaya sai kin ga ta shanye, ban da ajiyewa a gudo. Kai, ɗauki niƙan nan, in ka dawo ka biya gidan uwar adashi ka ce mata zubin jiya yana tafe. Ke kuma wanke hannu ki karɓi jaririn nan." Ta san ma'aikatanta ciki da bai. Ta san mai saurin ƙafa amma mai zubar da saƙo a hanya, ta san wanda ba a haɗa shi da canji, ta san wanda in an aike shi sayen magi sai ya biya filin ƙwallo ya ga yadda wasa zai ƙare. Wata mai bincike daga Amurka, Enid Schildkrout, ta zauna a birnin Kano a shekarun 1970 ta rubuta cewa sana'ar matan kulle a kan ƙafar yara take tsaye. Da ta tambayi Sarauniya, da an taƙaita mata wahala.

Abin da ya rikita wannan mulki shi ne ƙararrawar makaranta. Tun da gwamnatin Kano ta shelanta ilimi kyauta kuma dole a 2019, zancen "yau ba za ta je ba, akwai talla" ya fara nauyi a baki, ko da ba a daina faɗarsa ba. Safiya ta tafi boko, yamma ta tafi Islamiyya, ga allo bayan asuba. Alhamis babu Islamiyya amma akwai boko. Asabar babu boko amma akwai Islamiyya. Wato a duk mako babu wata rana da rundunarta ke hannunta tun daga safe har dare, sai dai ta samu yammacin Alhamis da na Juma'a, waɗanda ta ɗauke su ƙaramar salla. Don haka sai ta koma tara aike. Yaro zai shigo da azahar, jakar littafi ba ta kai ƙasa ba ya ji an jero masa gida biyar. Ita ba ta ƙin boko, kuma tana yawan faɗa. Tana dai ganin an tsara shi ba a shawarce ta ba.

Sai Malam Gona-da-Aji. Shi matsalarsa hadari ba ya duba jadawalin makaranta. Ruwan shuka yakan sauka wajen watan Yuni, noman firi kuma ya faɗo daidai lokacin da ake shirin jarabawar zango na uku, dogon hutu bai zuwa sai ƙarshen Yuli, bayan ciyawa ta gama abin da ta ga dama. Na kirkin cikin irin waɗannan malamai yana sallame asuba ya saɓa fartanya, ya yi kunya goma sha kafin rana ta ɗaga, ya ɗauraye ƙafa a bakin rijiya, ya zaro rigar aiki daga leda, ya dawo gida ya jera yara huɗu a kan babur, ɗaya a kan tanki, ya sauke kowa a ƙofar makarantarsa. In ka lura da hannun da ke riƙe da alli za ka ga ƙasa a ƙarƙashin farce. Wannan ba abin dariya ba ne, sai dai in hadari ya haɗo daga gabas, darasin lissafi yakan gajarce ba a san dalili ba. Ɗan uwansa na ofis shi ya fi iya shiri. Ya sa hannu a rajista da sassafe, ya ajiye hula a kan tebur, ya ɓace. Duk wanda ya zo nemansa a nuna masa hular a ce, "Ai yana nan, ya ɗan zagaya ne." Hular nan ba ta taɓa makara ba, ba ta taɓa neman izini ba. In da adalci, ita ya kamata a ƙara wa girma.

Akwai Na-Lahadi, wanda ya yanke cewa duk wata buƙatar duniya za ta iya jira ranar kasuwar Dambatta. Dama yana da wannan ra'ayi, cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 ya zo ya ba shi hujja. Me zai sa a ƙona mai sau uku a mako? In tari ya kama mahaifinsa ranar Litinin, amsa ɗaya ce: "Baba, a daure, Lahadi ta kusa." Ranar kuwa babur ɗinsa abin kallo ne. Ga tsoho a baya an naɗe shi da rawani, ga akuya a ɗaure a gaba tana kuka, ga yadin ɗinkin yara, ga wayoyin maƙwabta uku da za a kai caji, ga gaisuwar mutuwa da ake binsa tun makon jiya. Sai an isa yake tuna abin da yake mantawa kowane mako, cewa Lahadi ba ranar ganin likita ba ce in ba ciwon gaggawa ba. A ajiye tsoho a rumfar wani aboki, a shiga cinikin akuya, a yi aski, a sayi taki, a ci tsire. Bayan isha ya shigo gida da komai da komai, har da rake na yara. Maganin tari ne kawai aka manta, shi ma ai Lahadi ta kusa.

Ba zan ɓata tawada a kan Mai Ƙararrawar Waya ba, saurayin magidancin nan da ya ga wani bidiyo a Facebook ya cika wayarsa da tunatarwa, ta shan maganin Inna, ta ɗauko yara, ta ba shanu dusa. Tsarin ba shi da aibu, illa wayar tana wuni a shagon mai caji, inda take ta kuka a kan lokaci tana tunatar da mai shago. Haka shi ma Malam Yanzu-Yanzu, wanda tun kakar bara yake shirin gyara dangar bayan gida.

Tsarin da ya girmi duk waɗannan shi ne rabon girki. Kwana biyu naki, kwana biyu nata, kuma inda ake zaman lafiya babu jadawalin da ya kama ƙafarsa. Wadda ta fita girki ta sami sararin tuyar ƙuli-ƙuli, ta je kitso, ta leƙa gidan barka, ta bar yaranta su ci daga tukunyar abokiyar zama ba tare da an ƙirga loma ba. Amma a nan ne ake samun Mai Lissafin Girki, matar da da an ba ta dama da ta yi alƙalanci. Ita a wurinta kowane aiki sai an gano ranar wa ya faɗo. Sharar tsakar gida ta mai girki ce, wannan an gama. To wankin uwar miji fa, girki yake bi ko girma? In akuya ta haihu cikin dare, wa zai tashi? In yaro ya yi amai da la'asar, alhali tuwon da ya ci na jiya ne? Tana da fatawa a kan kowanne, kuma abin mamaki fatawar ba ta taɓa faɗa mata a ka ba. Wanda ya fi shan wuya shi ne baƙon da ya yi sallama a ɗan tsakanin nan na yamma, lokacin da ɗaya ta ce ta fita, ɗaya ta ce ba ta karɓa ba tukuna. Zai sha ruwa mai sanyi, zai sha gaisuwa har da tambayar mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Abinci kuwa sai an yanke hukunci.

Daga nesa kuma akwai Mai Jinya ta Waya. Yana Legas ko Fatakwal ko Abuja, yana tura ruwa ko gadi ko sayar da kayan miya, kuma bayan isha kiransa ba ya fashi. "An ba Inna maganinta? Ku riƙa juya ta fa, kar ta kwanta ɓari ɗaya. Na ji an ce kankana tana da amfani, a riƙa saya mata." In shi ne ɗan fari, a miƙa wa tsohuwa waya ta ce "lafiya lau, Allah ya yi albarka" ta mayar, don kunya ba ta barin ta ja hira da shi, balle ta ambaci sunansa. A yi masa adalci: kuɗin da yake turowa ta hannun mai POS su ne maganin hawan jini, su ne kuɗin motar zuwa asibiti a Kano in ciwo ya yi tsanani. Ba don shi ba da tuni an sayar da gona. Inda ya yi kuskure shi ne yana kwanciya da yaƙinin cewa yau ma ya yi jinya. In ya zo hutun salla ya zauna gefen gadon Inna na ɗan lokaci yana yi mata fifita, gari ya ɗauka: wane ɗan albarka ne.

Wadda take karɓar waɗancan umarnai ita ce matar ƙaninsa, kuma ita ba ta da laƙabi, don ba ta tsaya wuri ɗaya ba balle a raɗa mata. Sau da yawa tana da nata aikin. Kana iya ganinta cikin masu zagayen rigakafi, wanda ba a daina ba duk da an ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan-inna ta daji a watan Agustan 2020: goyo a baya, akwatin sanyi a kafaɗa, ta ɗiga wa yaro a baki, ta shafa masa tawada a ɗan ƙaramin yatsa, ta yi rubutu da alli a jikin bango, ta wuce gida na gaba. Kafin ta fito ta riga ta yi yini guda. Tun kafin kiran farko ta cire shimfiɗar uwar mijinta mai shanyewar ɓarin jiki ta jiƙa. Wuta ɗaya take hurawa ta ci mata aiki uku, ruwan wankan Inna, kokon yara, sannan ta ɗora wake a kan garwashin ya yi ta dahuwa a hankali har ta dawo. Tuwon dare da gangan take yin sa da yawa saboda ɗumame. Ƙwayoyin magani ta rarraba su a ƙullin leda biyu, na asuba da na magariba, ta rataye a ƙusoshi daban, don ko yarinya 'yar shekara takwas aka bari ba za ta rikita ba. In za ta fita ta ɗaga murya ta kan katanga: "Maman yara, ga Inna nan, a riƙa sa kunne."

In ka bi diddigin dabarun nan gaba ɗaya, za ka tarar babu wanda ya ƙirƙiri lokaci. Aro kowa yake yi, wannan daga ƙafar yaro, wancan daga hannun kishiya, wani daga haƙurin ɗalibai, wani daga haƙurin tsoho. Ita ce kaɗai in ta waiwaya ba ta ganin wanda za ta ara a wurinsa, sai ta ara daga barcinta. Shi ya sa take gyangyaɗi a gidan suna, da kwanon shinkafa a cinya, take gyangyaɗi a layin karɓar kati. Dangin miji kuma sun samo mata yabon da ya fi zagi ciwo: "Ai ita ba ta gajiya." Da zarar an yi wa mace wannan shaida, an gama da ita, don babu wanda zai sake tunanin karɓarta ko na yini ɗaya.

Kada a manta da waɗanda ake yi wa hidimar, don su ma suna da gwanaye. Ba mai ciwon gaske nake nufi ba. Akwai Hajiya Kaka, wadda lafiyarta ƙalau in ban da gwiwa, kuma ita kaɗai ce a gidan take da lokaci har ya yi mata yawa, don haka take rabar da shi ga wanda bai roƙa ba. Ba ta tashi ba da labarin yunwar da aka yi tana amarya sai ruwan tuwo ya tafasa. Ba ta cin abincin kowa sai na surukar da aiki ya fi yi wa yawa. Ta aiki jika sayen goro, ya kawo fari ta ce ja ta ce, ya kawo ja ta ce wannan ai ya bushe. Zuwa bakin randa sai an kama ta, tana salati tana kiran ajali. Amma ranar da aka ce za a kai amarya Jibga, kafin 'yan mata su gama ɗaurin ɗankwali ta riga ta shige mota, gidan gaba, sandarta a tsakanin ƙafafu, tana tambayar direba me ake jira.