Giyar 'Yan Dako Ta Yi Kuɗi

Baƙar giyar da ake kira Porter ta samo sunanta ne daga 'yan dakon birnin Landan na ƙarni na 18, waɗanda ke kwankwaɗarta don arharta bayan sun yini da kaya a kafaɗa. Yau idan wani ƙaramin kamfani ya dafa sabuwa, masu ɗanɗano sai su ɗaga kofi saitin fitila, su jujjuya, su shinshina, su kurɓa kamar magani, sannan su sanar cewa sun ji ƙanshin gahawa da cakulan. Ɗan dako da ya tsaya wannan shinshine-shinshine, ai wani zai ɗauke masa kaya. Hujjata kenan cewa giyar ta sauya iyayen gida, suna kawai ya rage.

Za a ce ƙanshin ba ƙarya ba ne, kuma haka ne: sha'ir ɗin da aka jiƙa ya yi tsiro ana gasa shi har ya yi baƙi, kamar yadda ake gasa gahawa. Za a kuma ce mai ƙaramar tukunya dole ya tsawwala farashi. Na yarda. Amma kakanninsa ba su san ƙaramar tukunya ba: a 1814 wata ƙatuwar ganga ta fashe a Landan, giyar ta rushe gidaje, mutum 8 suka mutu.