Masu riƙon makirfo, daga Dogon Dutsi zuwa Tibiri

Duk mai hayar kayan sauti a Dogon Dutsi, wanda samari ke ce wa mai sono, yana da makirfo guda da yake ji da shi. Yawanci za ka ga an rubuta Shure SM58 a wuyansa, ko da kuwa jabu ne da bai taɓa shaƙar iskar Amurka ba. Na ainihin tun 1966 ake ƙera shi. Ba ya cin batir, yana jure faɗuwa, kuma daga gabansa yake ɗaukar sauti, ya yi kunnen uwar shegu da na bayansa. Wansa SM57, wanda ya girme shi da shekara guda, shi aka fi kafa wa kayan kiɗa, amma a nan guda ɗaya ke yin suna da safe, wa'azi bayan la'asar, kalangu da dare. Makirfo bai gaza ba. Masu riƙonsa ne dai sai addu'a.

Akwai Malam Gwaji. Yanzu-yanzu wani ya gama magana da shi, har na bayan katanga sun ji, amma sai ya ƙwanƙwasa masa yatsa, ya hura masa iska, ya ce: "Alo, alo, an, de, turwa, kuna ji na?" Muna ji, Malam, har kunne ya yi tsami.

Sai sanƙira, wanda Allah ya hore wa maƙogwaro tun kafin a ƙirƙiro lasifika. Wannan da bakinsa kaɗai zai yi kirari a ƙofar Samna a Tibiri, na ƙarshen fili ya ji. Ka ba shi makirfo, sai ya manna leɓe a kan ragar, ya ƙara ƙarfi. Irin wannan makirfo kuwa, da zarar baki ya matso sosai sai murya ta yi kauri, kalmomi su cakuɗe. Alhajin da ake wasawa yana tsaye da jikka biyar a hannu, yana jira ya tabbata sunan kakansa aka kira, ba na kakan abokin gabarsa ba.

Kishiyar sanƙira kuwa babban ma'aikaci ne da ya zo daga Doso buɗe taro. Shi a daidai cibiya yake riƙe abin, in magana ta yi daɗi kuma ya yi nuni da shi: ga gabas, ga yamma, ga inda za a gina rijiya. Rijiyar ce kaɗai ta ji jawabin. Mai sono ya rusuna ya raɗa masa: "Ranka ya daɗe, a ɗan ɗaga." Ya ɗaga na daƙiƙa uku.

Wanda ya fi cin ran mai sono shi ne saurayi mawaƙin zamani. Ya gani a waya ana dunƙule kan makirfo da tafin hannu, shi ma ya dunƙule. Bai san ta bayan ragar nan ne makirfo ke bambance gaba da baya ba. Da ka toshe wurin sai ya shiga kwasar sauti ta kowace fuska, har da na lasifika, lasifikar ta mayar masa, ya sake kwasa. Daga nan sai ƙiii! Yara su toshe kunne, akuya ta tsinke igiya. Saurayin ya juyo yana harara: "Kai, ƙaro mini wuta!" In ya je situdiyo a Yamai ma haka yake yi, sai dai can kowace awa kuɗi ce, nan da nan yake shiryuwa.

Mai goge ba shi da laifi, goge ne ba ya zama wuri guda. Dole a samu yaro ya durƙusa yana bin ƙoƙon da makirfo, hannu na rawa, masu kaɗa ƙwarya a gefe suna danne komai.

Na kusa manta Baba Kalma Biyu. "Kalma biyu kawai, 'ya'yana." Daga gaisuwa sai tarihi: Matankari, Lugu, yadda Sarauniya ta tari rundunar Faransa a 1899, har man janareta ya ƙare. Bai lura ba. Ya ci gaba da bayani, makirfo a mace.

Akwai kuma wanda ya gama addu'a ya ajiye makirfo a cinya bai kashe ba, ya karkata ga na kusa da shi: "Wai naman nan, iyakarsa ke nan?" Uwar amarya na cikin gida, lasifika ɗaya kuwa tsakar gidan aka juya ta.