Bakano ya yi wa mota sabbin takalma

Kai Ƙwandala, bawana na Kurmi! Labari ya riga ka isowa Zariya. An ce Golf GTI ɗin nan taka ta yi sabbin takalma, har kana tsugunawa a bayanta kana ɗaukar hoto. Barka da arziki. Ni dai ban yi mamaki ba, Bakano ne ka ce masa abu ya isa, ya ce a ƙara masa gyara.

Jamusawan Volkswagen suna ƙera GTI tun 1976. Taka, samfuri na bakwai, sun sako ta da taya 225/40 R18 a kan rim mai faɗin inci 7.5. Injiniyoyi sun auna, sun gwada, sun sa hannu. Sai ga ka, da kai da mai facin bakin layinku, kun zauna a kan benci kun yanke hukuncin cewa Bajamushe ya yi kuskure, aka ɗora 245/40. To masu yin taya sun ce wannan lambar tana son rim daga inci 8 zuwa 9.5. Ko 235/40 ma, wadda da ka tsaya a kanta da na yi maka shiru, daga 8 ta fara. Na san ka san haka. Kuɗin sabon rim ka ji, hannunka ya ƙi fita daga aljihu.

Leƙa ka ga abin da ka haifa. An matse bakin tayar a siririn rim, gefenta ya bultso kamar tumbinka cikin 'yar shara ranar Sallah. Tsakiyarta ta yi tozo, gefunan da ka biya kuɗinsu ba sa kwanciya sosai a kwalta. Ka murɗa sitiyari a kwana, sai robar ta fara lanƙwasa ta yi shawara tukuna motar ta bi. Ita kuwa GTI saurin amsa sitiyarin nan shi ne abin da ake sayenta dominsa. Ƙarfin riƙe hanya? Ƙila ka samu ɗan kaɗan a busasshiyar kwalta, ba na hana ka wannan. Amma bari ruwan Agusta ya kwanta a titi, faffaɗar taya ta fi saurin hawa kan ruwa ta yi iyo.

Ga wani lissafi, tunda lissafi gadonku ne. Lambar 40 ɗin nan kashi ce ta faɗin taya, saboda haka da ka faɗaɗa, ka ɗaga tsawo. Gefe ya tashi daga milimita 90 zuwa 98, tayar ta ƙaru da kusan kashi 2.5 cikin ɗari, allurar gudu za ta riƙa faɗa maka ƙasa da abin da ta saba. Mai ma zai ɗan ƙara tafiya. Nan na san zuciyarka ta buga.

Kada ka ɓata rai, ɗan'uwa, motar ta yi kyau, wallahi. Daga baya. In tana tsaye.

Abin da ban gane ba shi ne ina kake zuwa da wannan riƙon hanyar. Daga Zoo Road zuwa Kantin Kwari, a giya ta biyu, Adaidaita Sahu a gaba, mai kura a baya? Da ka sa kuɗin a taya mai kyau daidai lambar kamfani, irin su Michelin Pilot Sport, da ta fi wannan ƙatuwar da ka tsinto, wadda ko lambobi huɗun gefenta masu nuna mako da shekarar da aka yi ta ba ka duba ba.

Ranar Asabar ka ɗebo iyali da buhun shinkafata ka taho Zariya. In ka ji ƙiii daga madgad duk ramin da ka faɗa, kada ka zargi kowa, tayar ce ke gaishe ka. Rim ɗin inci 8 kuwa zan ranta maka, amma da shaidu biyu, kuma ba Kanawa ba.