Wasiƙar Wuyan Hannu Zuwa Ga Hukumar Ɗaukaka Ƙarar Tsoffin Sojojin Amurka

Takarda ta fito daga Wuyan Hannu da iyalinsa, yatsu biyar, zuwa ga mai girma Hukumar Sauraron Ɗaukaka Ƙara ta Tsoffin Sojoji da ke birnin Washinton. Gaisuwa mai yawa da ban girma. An so a miƙo hannu a gaisa, sai dai yau ciwon ya motsa.

Bayan haka, Wuyan Hannu yana taya Hukuma murnar tsawon rai. Tun 1933, zamanin Shugaba Roosevelt, take zaune tana sauraron koken waɗanda aka hana diyyar nakasa ko aka ba su abin da bai taka kara ya karya ba. Duk sojan da ya saɓa bindiga, ya loda akwatunan harsashi, ya kwance injin jirgi ko ya ƙare aikinsa yana buga tafireta a ofishin bataliya, da wannan gaɓa ya yi. Saboda haka mai koken yana ganin yana da bakin magana.

Kokensa na farko a kan ma'auni ne. Doka ta wajabta wa likita awo da goniyomita, wata 'yar na'ura mai ƙafa biyu da ke nuna iya digirin da gaɓa ke lanƙwasuwa. Lafiyayyen wuyan hannu yana komawa baya digiri 70, ya sunkuyo gaba digiri 80. Jadawalin diyya, a lamba 5215, ya ce wanda ya kasa komawa baya digiri 15 a ba shi kashi 10 cikin ɗari. Wanda ya tsaya a digiri 5 fa? Kashi 10. Wanda da kyar yake motsawa? Kashi 10 ɗin dai, wato dala 171.23 a wata bisa lissafin 2024. Mai son ƙari a wannan babi sai ya sandare ƙam, sannan lamba 5214 ta karɓe shi da kashi 20 zuwa 50. Wuyan Hannu yana tambaya cikin ladabi: laifi ne ya ci gaba da ɗan motsi?

A cikin gida ma an raba kan 'yan'uwa. Babban yatsa, idan ya bar tazarar da ta wuce inci biyu tsakaninsa da sauran, yana samun kashi 20. Manuniya da na tsakiya suna iya samun kashi 10. Yatsan zobe ko auta kuwa, idan shi kaɗai ya kasa lanƙwasuwa sosai, abin da aka rubuta a gabansa sifili ne. Auta ya kwana yana kuka, ya ce shi ke ƙarasa damƙar guduma da ƙotar shebur, amma jadawalin bai ba shi lamba mai tsoka ba sai a babin guntulewa. Hannun da ba a cin tuwo da shi shi ma yana ƙorafi: idan hannu ya mutu gaba ɗaya, wanda mutum ya fi aiki da shi kashi 70, ɗayan 60.

Koke na biyu a kan lokacin awo ne. Ciwon nan yana da ranakunsa. Yakan tashi da tsakar dare, ko da sanyin asuba, ko bayan an wuni ana aiki, har mutum ya kasa ɓalle maɓallin riga. Ranar ganin likita kuwa sai ya lafa, a auna cikin 'yan mintoci, a rubuta lamba. Kamar baƙo ne ya sauka Sakkwato da asubar hunturu, ya koma gida ya ba da shaidar cewa garin ba ya zafi.

Kotun tsoffin sojoji da aka kafa a 1988 ta sha jan kunne a kan haka. A shari'ar DeLuca ta 1995 ta ce a lissafa zafi da kasala da gajiyar gaɓa. A ta Correia, 2016, ta ce a gwada gaɓa tana motsi da kanta da kuma likita na motsa ta, tana ɗauke da nauyi da kuma babu. A ta Sharp, 2017, ta ce likita ba zai fake da cewa ciwon bai tashi a gabansa ba, ya tambayi mai shi ya yi ƙiyasi. Duk sanda rahoto ya zo babu waɗannan, sai Hukuma ta mayar da fayil ƙasa a sake awo. Tsoffin sojoji sun raɗa wa wannan kai-komo suna wilin ɓera, mai juyawa ba ya zuwa ko'ina. A 2017 ƙarar da ta kai gaban Hukuma takan ci wajen shekara bakwai. Sabuwar dokar da ta fara aiki a Fabrairun 2019 ta buɗe ƙofofi uku na ɗaukaka ƙara, Wuyan Hannu ya gode, amma awon bai sake zani ba.

Koke na uku, hujja. Ana so a nuna ciwo a yau, a nuna abin da ya faru a bakin aiki, likita kuma ya ƙulla su. To, soja an koya masa cije haƙori, wanda ya faɗo daga mota ya ɗaure hannu da ƙyalle bai bar takarda a asibiti ba. Wasu da suka bari, gobarar 12 ga Yulin 1973 a ma'ajiyar takardu ta St. Louis ta lashe fayil miliyan 16 zuwa 18. An yaba wa doka da ta ce idan hujjoji suka yi kunnen doki a ba tsohon soja gaskiya.

Roƙon iyalin ba shi da yawa. A bar goniyomita a kan tebur, ba mai faɗa da ita, amma a ajiye mata maƙwabta: kwalba mai murfi a ɗaure, mabuɗi da kwaɗonsa, riga mai maɓallai, da bokitin ruwa. A ce wa tsohon ya buɗe, ya murɗa, ya ɓalle, ya ɗaga, sannan a rubuta lamba. An haɗo da fom mai lamba 10182, a cike, kafin wa'adin shekara guda ya ƙare. Jikar maigidan ce ta cike shi, domin Babban Yatsa ya ƙi riƙe biro. Haza wassalam.