Baje Kolin Hotuna a Birnin Gwari da Abin da Ya Biyo Baya

Baje kolin hotuna, a ma'anar da masu wannan fanni suke nufi a Turai da Amurka, shi ne a tanadi ɗaki mai fararen bangaye wanda ake kira galari, a rataye hotuna a jere daidai tsayin idon mai kallo, a rubuta wa kowanne suna da shekara a 'yar takarda a gefensa, sannan a bar jama'a su yi ta zagayawa a tsaye, hannu a baya, ba mai ɗaga murya, ba mai taɓa komai. Al'adar ta daɗe da shigowa Afirka ta Yamma, domin tun 1994 ake taron masu hoto a Bamako ta ƙasar Mali, Legas ma tana da nata bikin tun 2010. Sai dai a Birnin Gwari, kamar sauran garuruwan ƙasar Hausa, hoto shaida ne kafin ya zama komai: ana ɗaukarsa domin fasfo, ko takardar neman aiki, ko nuna wa dangin nesa amarya, kuma ba ya cika hoto sai mai shi ya yi wanka, ya sa kayan kirki, ya tsaya ya dubi mai ɗauka. Duk wanda ya rasa waɗannan sharuɗɗa ana lissafa shi cikin hotunan da suka lalace.

Mutumin da wannan bayani ya shafa, wanda za a sakaya sunansa saboda har yanzu yana da dangi a garin, malamin makaranta ne kuma mai hoton sha'awa, wato mutumin da yake kashe kuɗinsa a kan hoto maimakon hoto ya kawo masa kuɗi. Ya tafi ƙarin karatu Landan a daidai lokacin da aka katse layukan waya a yankin Birnin Gwari, a ƙarshen Satumban 2021, saboda matsalar 'yan bindiga, don haka makonninsa na farko suka wuce ba wanda ya ga ko hancinsa a waya, bayan an maido da layin kuma ya riga ya karanta a wani wuri cewa selfi, wato mutum ya ɗauki kansa da kansa, abu ne da bai kamaci mai fasaha ba. Rayuwarsa a can irin ta yawancin ɗalibai ce: ɗaki guda da hayarsa take cinye rabin abin da yake samu, aikin dare a ɗakin ajiyar kaya cikin awa 20 ɗin da dokar ƙasar ta yarje wa ɗalibi a mako, da tafiya unguwar Peckham idan kwaɗayin kuka da daddawa ya taso. A watan Disamba rana tana faɗuwa kafin ƙarfe huɗu, har alwala ɗaya takan ishi mutum azahar da la'asar da magariba, alherin da shi kaɗai ya gani a tare da sanyin ƙasar. Ranakun hutu kuwa yakan shiga gidan baje kolin hotuna na The Photographers' Gallery, wanda aka kafa a 1971, da farko don ɗumin da ke ciki, daga baya don hotunan.

A nan ya kamu da ra'ayin cewa abin ɗauka shi ne rayuwar yau da kullum, ba mutum a tsaye cikin babbar riga ba. Ya ɗauki layin masu jiran bas a cikin ruwan sama, da kwandunan shara da dusar ƙanƙara ta lulluɓe, da wata tsohuwa tana cin burodi ita kaɗai a kan benci, da wani kare sanye da rigar sanyi, duka a baƙi da fari. Akwai kuma tsofaffin hotuna da ya ɗauka a gefen dajin Kamuku tun kafin hanyoyin daji su gagara. Wannan daji, wanda aka keɓe tun 1936 aka kuma mayar da shi gandun daji na ƙasa a 1999, yana da faɗin kimanin murabba'in kilomita 1,120, cike da doka da maje da kaɗanya, amma duk Baturen da ya nuna wa hotunan sai ya matso da fuskarsa yana leƙen tsakanin itatuwa, ya tambaya a ina 'yan bindigar suke. Wannan ya ɓata masa rai ƙwarai, ya yanke shawarar cewa baje kolinsa na farko a gida zai yi shi, inda aka san darajar abu.

Dama ta samu bayan sulhun da Gwamna Uba Sani ya jagoranta a Nuwamban 2024, lokacin da aka sake buɗe kasuwar shanu ta garin da ta daɗe a rufe, motoci suka koma bin hanyar Kaduna. A Kaduna aka wanke hotunan aka sa musu firam da gilashi, aka ɗora su a bayan motar haya don tafiyar kimanin kilomita 120 ta Buruku da Udawa, inda direba, bisa dogon nazarin da ya yi wa kayan, ya ga wurin da ya fi dacewa da su shi ne ƙarƙashin buhunan taki. A wani shingen bincike an buɗe ƙunshin aka ga hoton daji ba kowa a ciki, abin da a wannan hanya yake buƙatar bayani, domin mai yawo da hoton daji bai da nisa da zargin infoma, wato mai kai wa 'yan bindiga rahoto. Bayanin da malamin ya yi kan haske da inuwa bai taimaka ba ko kaɗan. Abin da ya fid da shi hoton karen ne, saboda mai binciken ya yi dariya har ya kira abokan aikinsa su zo su gani, aka kuma yarda cewa mutumin da ya biya kuɗi aka sa wa kare firam ba shi da wayon cutar da kowa.

Kuskuren tsari ya faro daga katin gayyata. A ƙasar Hausa kati yana nufin ɗayan abubuwa sanannu, ɗaurin aure ko walima ko ƙaddamarwa, kuma kowannensu yana zuwa da rumfa da kujeru da babban tebur da lemo. Malamin ya ari zaure, ya sayi fenti ya shafe bangonsa fari, ya fitar da duk wani abin zama, yana mai imanin cewa hoto a tsaye ake fahimtarsa. Da dattawa suka iso suka tarar da ɗaki fayau, sai suka ɗauka sun yi sammako, suka koma inuwa suna jiran a gama shiri. Kawunsa, wanda bai iya ganin ana zubar da mutuncin gida yana raye ba, ya aika aka hayo kujerun roba, aka jera su sahu-sahu suna duban babban tebur, ta yadda kowane baƙo ya zauna ya juya wa hotunan baya. Aka buɗe da addu'a, aka gabatar da manyan baƙi, wani maroƙi da ba wanda ya gayyata ya wasa mai baje kolin da kakanninsa, sai da aka kusa awa biyu kafin a ba da izinin waiwayawa.

Dole a yi wa masu kallon adalci, domin sun karanta hotunan da idon da ya fi na mai su kaifi. Ya sa wa hoton tsohuwar suna "Kaɗaici", yana tsammanin a yaba yadda haske ya sauka a kan bencin, amma matan da suka tsaya a gabansa ba su tambayi haske ba, suka tambayi ina 'ya'yanta, da kuma ko shi da ya tsaya ɗaukarta ya gaishe ta. Bai gaishe ta ba. Wani manomi ya daɗe yana duban kwandunan shara kafin ya ce ƙasar da shararta take da murfi ba ta da awaki. Game da baƙi da fari kuwa ra'ayi ya zo ɗaya, cewa kuɗin ne suka ƙare kafin a kai ga kala, har wani ɗan kasuwa ya ja shi gefe ya ce da ya yi magana tun farko da an taimaka.

Tambayar da ta rusa taron daga gwaggonsa ta fito, bayan ta bi bangon nan huɗu a hankali, tana sa yatsa a kowane gilashi.

"Kai ɗan nan, ina kake a ciki?"

"Gwaggo, ai ni ne na ɗauka."

"To kai wa ya ɗauke ka?"

Babu amsa, kuma shirun ya yi tsawon da ya ishi zato ya yaɗu. Bahaushe ya ce gani ya kori ji, ga shi an zo gani an koma kan ji: mutum ya ce ya zauna a Ingila, ya kawo hoton kare da shara da tsohuwar wasu, bai kawo ko ɗaya da shi a gaban wani bene ba, alhali ɗan maƙwabta da ya je Umara sau ɗaya ya cika waya da fuskarsa. Samari suka ce irin waɗannan hotuna suna nan birjik a intanet. Sai da aka aika gida aka ɗauko fasfo, ya zaga hannu-hannu ana duba hatimi, kuma shi ne abin da aka fi kallo a duk baje kolin. Da la'asar ta yi aka ga bangon gabas ne yake ɗauke da karen, liman ya yi gyaran murya, aka sauke jerin gaba ɗaya aka kifa su a ƙasa, ba a kuma tuna an mayar ba.

Saura hoton daji, wanda ya sa wa suna "Shiru". Wata ɗorawa ce a bakin gona, bayanta duhun itatuwa. Abin da bai lura da shi ba shi ne shekarun da manoman yankin suka yi ba sa iya zuwa gonakinsu na nesa sun sa ciyawa da saiwa sun cinye iyakoki, waɗanda suka koma bayan sulhu kuma suna ta jayayya kan inda gonar wane ta tsaya. Wani dattijo ya gane ɗorawar, ya nuna kunyar da ta bi ta hagunta, ya ce ga shaida Allah ya kawo. Wani daga ɗaya gidan ya ce kunyar ta wake ce, wake kuma ubansa ne yake shukawa a nan. A galari idan an sayi hoto akan manna masa ɗan jan ɗigo, amma yara sun riga sun raba ɗigon a goshinsu, don haka ciniki ya koma irin na kara, wannan ya taya wancan ya ƙara, har aka sallama wa mai wake a kan kuɗin da ya ninka abin da aka rubuta. Malamin ya yi murnar samun mai sayen farko na ɗan lokaci kaɗan, kafin a sanar da shi cewa za a neme shi gaban mai unguwa ya faɗi ranar da ya ɗauka da inda ya tsaya.

Duk wannan yana faruwa mai hoton gari, wanda yake da shago kusa da tasha, ya kafa kyamararsa a ƙofa, ya gane cewa ba a taɓa tara masa mutane masu kwalliya a gaban farin bango kyauta irin na ranar ba. Ya roƙi a cire masa hoton layin bas don yana ɓata bayan hoto, aka cire. Masanin tarihin hoto ba zai raina wannan mutum ba, domin Seydou Keïta, wanda ya buɗe shagonsa a Bamako a 1948, da Malick Sidibé, wanda aka ba lambar Zakin Zinariya a Venis a 2007, masu hoton gari ne da suka yi ta ɗaukar mutane cikin kayan ado suna duban kyamara, kuma ayyukansu ne yau suke rataye a irin ɗakunan da malamin ya koyi sha'awarsa. Idan akwai magajinsu a zauren nan, to ba mai katin gayyatar ba ne.

Lissafin ƙarshe ya nuna hoto ɗaya aka sayar, gilashi uku sun fashe tun a ƙarƙashin taki, kuɗin kujeru da lemo sun hau kan mai baje kolin tunda sunansa ne a kati, mai zauren kuma ya nemi a mayar masa da bangonsa shuɗi yadda yake. Mai hoton gari ya aiko masa da nasa hoton, yana tsaye a tsakiyar dangi riƙe da fasfo, tare da takardar kuɗin wanki.